A Ba Talaka Kujera a Hukumar Ilmi

 Yau ina so mu yi magana a kan makaranta, watau a kan mutanen nan da ke zama cikin ofis a Kaduna su yanke shawara bisa 'ya'yanmu, mu kuwa iyayen yara sai dai mu ji a rediyo. Zan ɗauki abin da ya faru a Jihar Kaduna daga 2017 zuwa 2024, domin a gaban idonmu aka yi shi, ba wanda zai ce labarin ƙanzon kurege ne. Mutumin Kano ko na Katsina ko na Bauci kada ya ce ba ruwansa, gama kowace jiha tana da irin wannan hukuma. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

WACE CE HUKUMAR NAN?

Bari mu fara daga tushe, don kada a ruɗe mu da manyan sunaye. A 2004, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka yi doka ta ƙasa wadda ta ce karatun shekara 9 na farko, watau shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro. Dokar ta ce a riƙa ware abin da bai gaza kashi 2 cikin 100 ba na kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya don wannan aiki. Akwai babban kaso cikin kuɗin nan wanda jiha ba ta isa ta taɓa ba sai ta ajiye nata daidai da shi. Kowace jiha kuma tana da hukumarta ta ilmin firamare, wadda ake kira SUBEB. Ita ke kula da ɗaukar malamai da sallamarsu, ita ke ba da kwangilar gina azuzuwa da sayen bencina da littattafai. A ƙarƙashinta akwai ofishin ilmi a kowace ƙaramar hukuma, Jihar Kaduna kuwa tana da 23.

To, wa ke zaɓen mutanen hukumar? Ba ku ba ne, ba ni ba ne. Gwamna ke naɗa shugabanta da wakilanta. Haka nan shi ke naɗa Kwamishinan Ilmi, shi ne kuma uban jami'ar jiha, daga hannunsa shugaban majalisar gudanar da jami'ar ke samun kujera. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, watau kuɗinku ne. Ku ke biya, 'ya'yanku ke zama a ajin, amma ran da za a yanke shawara ba a ajiye muku ko tabarma a bakin ƙofa ba.

Ga wani abu cikin dokar nan da ya kamata kowa ya sani. Uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta, karo na farko a tsawata masa, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, karo na uku tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu. Madalla, mun yarda, hana yaro karatu laifi ne. Amma hukumar da ta bar aji wata da watanni ba malami, nawa ne tararta? Kwana nawa za a ɗaure shugabanta? Dokar ba ta yanka masa kome ba. An tanadi bulala don uban yaro, mai ofis kuwa an bar shi da Allah.

JARRABAWAR 2017

A 2017, zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, aka tara malaman firamare kimanin 33,000 aka yi musu jarrabawa da tambayoyi irin na 'yan aji huɗu. Aka ce wanda bai sami 75 cikin 100 ba ya faɗi. Da sakamako ya fito, Gwamnati ta ce 21,780 sun faɗi, watau biyu cikin kowane uku. Aka ce za a sallame su a ɗauki sababbi 25,000. Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa ta ce ba haka aka yi da ita ba, ta ce a kan 60 aka shirya, kuma aikin gwada malami na majalisar rajistar malamai ne wadda aka kafa tun 1993. Aka je kotun ma'aikata, a Disamba 2017 kotu ta ce a dakata tukuna. A Janairu 2018 malamai suka shiga yajin aiki, bayan kwanaki kaɗan suka janye, sallama kuwa ta tabbata.

Ni ba zan yi muku ƙarya ba don in faranta wa wani rai. An buga waɗansu takardun amsar a jaridu, duk wanda ya gani ya san akwai abin kunya a ciki. Malamin da bai iya rubuta jimla ɗaya daidai ba, bai kamata a damƙa masa yara 60 ba. Ɗan mai kuɗi yana makarantar kuɗi, wannan malami bai shafe shi ba. Ɗan mai sayar da tumatir shi ke zaune gabansa shekara shida ya fito bai iya rubuta sunansa ba. Saboda haka duk mai son talaka tilas ya so a gyara malanta, kuma duk wanda ya ce a bar kome yadda yake, shi ma maƙiyinmu ne. Amma gyara iri-iri ne. Akwai tambayoyi uku da ba a amsa mana ba.

Ta farko, wa ya ɗauke su aiki? Malamai 21,780 ba daga sama suka faɗo ba. Kowane ɗaya yana da takardar ɗauka, kowace takarda kuwa akwai hannun wani a kanta. Gwamnati da bakinta ta ce siyasa ce ta shigo da su, watau manya suka riƙa raba gurbin malanta kamar goron suna, wannan na yaron gidan wane, wancan na ƙanwar matar wane. To, in haka ne, ina masu rabon? Mun ga jerin malaman da aka kora. Jerin masu sa hannu fa? An kama mai cin tuwo an bar mai tuƙawa. Muddin kuwa mai tuƙawa yana nan da muciyarsa, gobe ma irin wannan tuwo za a kwaso.

Ta biyu, ashe duk ɗaya ne wanda ya sami 10 da wanda ya sami 74? Duk ɗan kasuwa ya san bambancin kayan da suka ruɓe da waɗanda suka ɗan yi ƙura. Ba ka zubar da buhun masara don ka ga tsakuwa a ciki, sai ka sa a tsince. A nan Kaduna, kan hanyar Zariya, hedkwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1976 ba don kome ba sai don ƙara wa malaman da ke bakin aiki sani. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da sashenta na horon malamai, ga Kwalejin Ilmi ta Jiha a Gidan Waya. Ba jihar da ta fi Kaduna kayan gyaran malami a duk Arewa. Da an ware waɗanda suka kusa kaiwa an ba su horon wata shida ko shekara, a sāke gwada su, wanda ya sāke faɗuwa ya tafi ba mai kuka, da an rage hasara ƙwarai.

Ta uku, wa ya shiga ajin bayan sun fita? Ga abin da ya faru. An ɗauki sababbi 15,897. A Afrilu 2018 sai hukuma ta ce ta gano 4,562 cikinsu ba su cancanta ba, waɗansu ko takardar karɓar aiki ba su iya rubutawa ba, ta sallame su. Saura 11,335 ke nan. Ku yi lissafi da kanku, ku da lissafi ne sana'arku. An fitar da 21,780, an shigar da 11,335, giɓi ya zama 10,445. Mu ƙaddara kowane malami yara 40 kawai yake riƙe da su, ko da yake kun san ajinmu ya fi haka, yara sama da 400,000 ke nan ba mai tsaya musu a gaban allo, har ran da aka ƙaro waɗansu malaman daga baya. Shekarar yaro kuwa ba ta jira. Wanda ya wuce aji biyu bai koyi haɗa baƙi ba, da wannan ramin zai yi ta tafiya har ya girma.

Ku duba kuma wani abu. Hukumar da ta kori malamai don rashin cancanta, ita ce da hannunta ta ɗauko 4,562 marasa cancanta cikin 'yan watanni. Wa ya yi wa hukumar jarrabawa? Da ita ma za a auna ta da mudun da ta auna malamai, 11,335 cikin 15,897 bai wuce 71 cikin 100 ba. Ba ta kai 75 ba. Da mudunta, ita ma ta faɗi.

Ba a tsaya nan ba. A ƙarshen 2021 aka sāke wata jarrabawa, a Yuni 2022 hukuma ta sallami malamai 2,357. Cikinsu 165 ne kaɗai aka ce sun faɗi, sauran 2,192 laifinsu shi ne sun ƙi zama jarrabawar bisa umarnin ƙungiyarsu, har da shugaban ƙungiyar na ƙasa, Audu Amba. A 2023 kuma aka mayar da sama da 1,000 bakin aiki. In sun cancanci komowa, don me aka kore su? Watannin da yara suka yi ba su, wa zai biya?

Haka kuma a Janairu 2022 aka wayi gari aka ce makarantun Gwamnati su koma kwana huɗu a mako, Litinin zuwa Alhamis, a tsawaita zaman kowace rana, domin a bi tsarin da aka yi wa ma'aikatan ofis. Makarantun kuɗi umarnin bai hau kansu ba. Wace uwa aka tambaya ko yaro ɗan shekara bakwai zai iya zama har kusan la'asar da kokon safe kaɗai a cikinsa? Wane uba aka tambaya inda yaron zai yini ran Jumma'a, shi yana kasuwa? Ko shawarar tana da kyau ko ba ta da shi, masu ɗaukar nauyinta ba a ji ta bakinsu ba.

ƘOFAR JAMI'A

Yanzu mu hau sama. An kafa Jami'ar Jihar Kaduna a 2004, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, da reshe a Kaduna da Kafanchan. Amfanin jami'ar jiha shi ne ɗan jiha wanda bai sami gurbi a ta tarayya ba, kuma ubansa ba shi da ƙarfin ta kuɗi, ya sami inda zai sa kansa. Shekaru da yawa ɗan jiha yana biyan abin da bai kai naira 30,000 ba a shekara a yawancin fannoni. A 2021 aka ɗaga shi zuwa naira 150,000, na karatun likita da makamantansa kuwa ya fi haka nesa. Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli a Zariya ta koma 100,000. Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya ta koma 75,000.

Ku tuna wane lokaci ne wannan. A 2020 aka rushe Kasuwar Barci don a sāke gina ta, 'yan kasuwa da yawa suka watse suna neman inda za su kasa kaya. A 2020 ɗin nan aka yi kullen korona sama da wata biyu, jari ya narke a cikin tukunya. Mutum bai gama miƙewa ba sai ga takardar makaranta ta ninka har sau biyar. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Watau leburan Gwamnati sai ya tara albashinsa na wata biyar cur, bai ci ba bai sha ba bai biya haya ba, kafin ya biya wa yaro ɗaya shekara ɗaya. Mai yara biyu a jami'a fa? Kun san abin da ke faruwa a gida irin wannan. A zauna a zaɓi wanda zai ci gaba, kuma sau da yawa 'ya mace ce ake ce wa ta haƙura. Ɗalibai sun fito sun yi zanga-zanga, iyaye sun yi roƙo, ba a janye ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Gidan Waya. Jama'a, ku haɗa zancen nan biyu ku gani. A 2017 an ce mana malamai sun yi ƙaranci, waɗanda ke akwai ma ba su iya ba. A 2018 an nemi sababbi 25,000 an rasa masu kyau isassu. Sa'an nan a 2021 aka tsawwala kuɗin makarantar da ke haifar da malamai! Wa ke zuwa kwalejin ilmi? Ɗan Kwamishina ba ya zuwa. Ɗan manomi ne da 'yar mai ƙosai, su ne kuma za su yarda su koma ƙauye su koyar. Mai kukan ƙishirwa ya je ya toshe bakin rijiya, me za a ce masa? Hannun dama na Gwamnati bai san abin da na hagu ke yi ba, domin hukumar firamare daban, masu kula da manyan makarantu daban, ba kuwa mai haɗa su ya tambaye su a madadinmu.

A Agusta 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin. Na jami'a ya sauko daga 150,000 zuwa 105,000, na Nuhu Bamalli daga 100,000 zuwa 50,000, na Gidan Waya daga 75,000 zuwa 37,500. Ba mu ƙi ba, ragi ragi ne, kuma yaba kyauta tukuici. Amma kada murna ta rufe mana ido. Da fari dai, 105,000 ya fi ninki uku na abin da ake biya kafin 2021, kuma ya zo ne wata uku bayan an cire tallafin man fetur a Mayu 2023, lokacin da kuɗin mota da na abinci suka tashi. Na biyu, kuma shi ne babba, ku dubi yadda aka yi. Mutum ɗaya ya ɗaga, mutum ɗaya ya rage. A 2021 an ce mana jami'a ba za ta rayu ba sai da 150,000. A 2023 ga ta tana raye da 105,000. Wanne ne gaskiya? Ba a taɓa baje mana lissafin ba balle mu sani. Abin da alherin mutum ɗaya ya ba ka, fushin wani na iya ƙwacewa gobe. Yaran da suka bar karatu tsakanin 2021 da 2023 kuwa, ragin bai komo da shekarunsu ba.

Wani zai ce ai Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance a 2024. Gaskiya ne, kuma wanda ya samu ya karɓa, ba laifi. Amma rance sunansa rance, ranar biya tana tafe. Manya da yawa da ke yanke mana shawara a yau, a zamaninsu kyauta suka yi karatu, har da abinci da kuɗin kashewa daga aljihun jama'a, daga harajin kakanninmu da kuɗin gyaɗa da auduga. Sun haye, sa'an nan suka janye tsani.

MAKARANTA DA TSORO

Akwai kuma maganar da ba a son yi. A 2021 aka sace ɗalibai a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, da Jami'ar Greenfield, da makarantar Bethel Baptist. A ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe yara daga makarantar Kuriga a Ƙaramar Hukumar Chikun, Allah ya sa aka sako 137 bayan mako biyu da 'yan kwanaki. A 2024 ɗin Gwamnati ta ce za ta haɗe makarantu 359 na wuraren da ke da hatsari da waɗansu a inda ya fi aminci. Ba mai hankalin da zai ce a bar yara a bakin kura. Amma in an ɗauke makaranta daga ƙauye an kai ta nesa, yaro ɗan shekara shida da ƙafa zai bi dajin da ake gudu? Wa zai biya kuɗin babur? Wace hanya ce ta fi aminci, a wane lokaci? Mutanen ƙauyen su suka san amsa, sun fi kowane mai taswira a ofis sani. Irin wannan shawara in an yi ta da su sai ta ceci yara, in an yi ta a bayansu sai ta zama rufe makaranta da wani suna.

ABIN DA ZA SU CE

Na san amsar da za a ba mu, gama mun saba jinta. Za a ce ba kuɗi. Za a ce kuma ai ana ware wa ilmi rubu'in kasafin jiha ko fiye. To, ware kuɗi a takarda daban, fitar da su daban, isarsu cikin aji kuma daban. Mu a aji muke so mu gani. A Maris 2024 Gwamna Uba Sani da kansa ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Wa zai biya wannan bashi? Yaran nan ne da ke zaune a ƙasa yau, in sun girma. In har sun isa a ci bashi da sunansu, iyayensu sun isa a nuna musu inda kuɗin ya shiga.

Za a ce kuma talaka bai yi boko ba, me ya sani game da tsarin ilmi? Wannan tsohuwar magana ce, tun zamanin En'e ake yi mana ita. Da ita aka ce talaka bai isa ya zaɓi wakilinsa kai tsaye ba. Da ita aka hana matan Arewa ƙuri'a har 1976, alhali Hajiya Gambo Sawaba tana shan ɗauri a kan haka. Jihar Yamma ta fara ilmin firamare kyauta a 1955, mu kuwa sai da muka jira 1976, kuma har yau muna biyan bashin shekarun nan 21. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne, ya koyar a Bauci da Maru, ya ajiye alli a 1950 ya shiga gwagwarmaya domin ya gane cewa ciwon makaranta ba a cikin aji ya tsaya ba, yana wurin masu yanke shawara.

Mai sayar da hatsi ba ta san Turanci ba, amma ta san ko malami ya zo ran Litinin ko bai zo ba. Tela ya san ko ɗansa ya iya karanta awon da ya rubuta. Magini ya san ko buhun siminti nawa aka zuba a ginin aji, ya san kwanon da zai kai damina biyu da wanda iskar farko za ta yaye. Mutanen da ke riƙe da adashi na miliyoyi ba a rasa ko kwabo ba, su ne za a ce ba su iya duba lissafin makaranta ba?

ABIN DA MUKE NEMA

Ba zagi muka zo yi ba, ga buƙatunmu a fili.

Na ɗaya, a gyara dokar jiha a ba iyayen yara, da malamai, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoma kujeru a hukumar ilmin firamare da majalisun manyan makarantun jiha. Su za su zaɓo wakilansu da kansu, a ciki kuwa lalle a sami mata. Wakilin da Gwamna ya naɗa, Gwamna zai yi wa godiya. Wanda kasuwa ta aika, kasuwa zai komo ya yi wa bayani.

Na biyu, kowace makaranta a manna takarda a bangonta, da Hausa da Turanci da harshen mutanen wurin: malamai nawa ke karɓar albashi da sunan makarantar, nawa aka ware don gyara, wa aka ba kwangila, yaushe zai gama. Ƙarya ba ta son bango.

Na uku, kada a ƙara ko kwabo a kuɗin manyan makarantu sai an ba da sanarwar shekara guda, an kai maganar Majalisar Dokoki an yi ta a bainar jama'a, an baje lissafi. Ɗalibin da ya riga ya shiga kuwa ya gama a kan kuɗin da ya shiga da shi. Ko a kasuwa, in an yi ciniki an sallama, ba a ƙara kuɗi bayan an ɗaure kaya.

Na huɗu, karatun malanta ya zama kyauta ga duk wanda ya yi alkawarin koyarwa a makarantar Gwamnati shekaru ƙayyadaddu bayan ya gama.

Na biyar, a ci gaba da gwada malamai, amma a sanar da ma'auni tun kafin a zauna, a ba wanda ya kusa kaiwa horo, kada kuma a fitar da malami daga aji sai mai canjinsa yana tsaye a bakin ƙofa. Wanda aka sallama a biya shi hakkinsa da wuri. Wanda ya sa hannu aka ɗauki marar takarda, shi ma a kira shi ya amsa.

Na shida, kada a rufe ko a ɗauke makaranta sai an zauna da mutanen garin an shirya yadda yara za su isa sabon wurin.

Waɗannan buƙatu ba don muna hamayya a yau kaɗai muke yinsu ba. Ran da Allah ya ba jam'iyyarmu mulki, ku ɗauko wannan jarida ku buɗe mana ita a fuska. In mun kauce, ku yi mana abin da muke ce ku yi wa waɗansu.

Kafin nan, ga aikin da ba ya bukatar izinin kowa. A tsari, kowace makarantar Gwamnati ya kamata ta kasance da kwamitin gudanarwa wanda ya haɗa iyaye da mutanen unguwa. A wurare da yawa sunansa kawai ke takarda, domin mun bar shi. Ran kasuwa mai zuwa, shugabannin layi su tambayi 'yan layinsu, wa ke da yaro a wace makaranta. Ku haɗu ku biyar ko ku goma, ku je wurin hedimasta da ladabi, gama shi ma ɗan'uwanku ne mai jiran albashi. Ku tambaye shi malamai nawa ke takarda, nawa ke zuwa, yara nawa ke kowane aji, yaushe kwamiti ya yi zaman ƙarshe. Ku rubuta, wanda bai iya ba ɗansa ya rubuta masa, ku kai ofishin jam'iyya na mazaɓarku, mu kuwa za mu tattara mu buga. Mai neman ƙuri'a in ya zo da atamfa da sabulu, ku ajiye masa takardar nan a gabansa ku ce ya karanta tukuna.

Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya ba su ilmi mai amfani, ya ba mu shugabanni masu jin kunyar talaka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.